Alkamar da Aka Hana Ruwa

Duk wanda ya san Baba ya san ba a barinsa shi kaɗai da shuka da bokiti. Mai lambu ne tun yana saurayi, a ban ruwa ƙarfinsa ya ƙare, kuma tsufa bai raba shi da halin ba. In ya je gaisuwa gidan mutane ya hangi fulawa ta langaɓe a tukunya, kafin a ce masa ga wurin zama ya riga ya nemo kofi. Marigayiya matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, takan ce da za a bar shi da turken lantarki sai ya ba shi ruwa ya ga ko zai yi toho.

To, irin wannan mutumin ne Allah ya ba 'ya wadda aikinta hana shuka ruwa.

Ita ce ƙaramar 'ya'yansa, shi ya sa yake ce mata Auta, amma a tashar binciken noma da ke bayan gari Dakta ake kiranta, kuma in ta yi magana har direban tarakta kashe inji yake yi ya saurara. Bayan rasuwar Inna ta ga zaman kaɗaici na neman cinye tsohon, sai ta kwaso shi da tukwanen fulawarsa ta kawo shi gidanta da ke cikin tashar. A nan ya fara ganin abin da take yi da idonsa, don a da in an tambaye shi cewa kawai yake yi likitar alkama ce, a yi dariya a wuce.

Ya same ta wata safiya a kan 'yar kujera, ta duƙa kan zangarniyar alkama da hantsaki a hannu, tana buɗe furen da bai kai ƙwayar shinkafa ba tana cire wani abu a ciki. Sai ta karkaɗo garin furen wata alkamar daban a kai, ta rufe da 'yar jakar takarda.

"Wannan kuma wane irin tsirfa ne, Auta?"

"Aure nake ɗaura musu, Baba. Ka ga uwar, tana da yawan ƙwaya, amma 'yar gata ce, rana ɗaya ta rasa ruwa sai ta kwanta. Uban kuwa ɗan jeji ne, ba ya ba da abin kirki, amma ko a kan tsakuwa sai ya rayu. Ina neman 'yar da za ta ɗauko hannun uwar da zuciyar uban."

"In ta ɗauko ragwancin uwar da rowar uban fa?"

"Su ne suka fi yawa," ta ce tana dariya. "Shekara da shekaru ina zubar da su."

Gaskiya ta faɗa. Tun ba ta da furfura ko ɗaya take wannan aikin, 'ya'ya su haifi jikoki, jikoki su haifi nasu, tana shukawa tana tsincewa tana watsarwa, har abin da ya rage mata bai wuce 'yan layuka ba. A bana za a yi musu gwajin ƙarshe. An shuka su a ƙarƙashin wata doguwar rumfa mai rufin leda, buɗe ta kowane gefe, don ko hadari ya yi ɓatan kai kada ɗigo ya taɓa su. An ba su ruwa har suka miƙe, sannan Auta da hannunta ta kwance kan famfon da ke bakin rumfar ta jefa a aljihu. Layin da ya cika ƙwaya a haka shi za a kai gaban kwamitin iri, daga nan a yawaita shi a ba manoman da ruwan sama ya fara yi wa rowa, waɗanda ba su da rijiya ba su da famfo, sai abin da sama ta ga dama. In irin ya yi musu ƙarya, abincin shekararsu ya tafi ke nan.

Don kada Baba ya zauna haka, ta ba shi aikin korar tsuntsaye da awakin da kan ratso ta ƙasan waya. Ta ajiye masa kujera a inuwa, da jarkar ruwan sha, ta zagaya da shi tana nuna masa layukan. Kowanne da lambarsa a jikin fegi, amma akwai waɗanda ta laƙaba wa suna don raha. Da suka zo na ƙarshe, wanda ke bakin rumfar dab da kujerarsa, ta tsaya ta shafa kan ganyen.

"Wannan Inna nake ce mata. Dube ta, gajeruwa, ga taurin kai. Duk abin da na yi mata sai ta tashi. A kanta na fi sa rai." Sai ta juyo ta dube shi ido cikin ido. "Baba, na san ka. Ko ɗigo."

"Haba, ni yaro ne?" ya ce, har da ɗan fushinsa.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Daga baya zafi ya taso gadan-gadan, ƙasa ta fara tsagewa, ganye ya fara nannaɗewa. Wasu layukan suka yi rawaya daga ƙasa, wasu suka kwanta. Auta takan shigo da sassafe da ma'aikatanta, su auna tsawo, su taɓa ganye, su wuce, fuskarta ko gezau. Baba kan bi ta da kallo yana mamakin inda ta samo wannan zuciyar, don shi dai ba a wurinsa ta gada ba. Yakan juya kujerarsa ya ba rumfar baya, amma ba a jimawa wuyansa ya sake juyowa da kansa.

Layin Inna ne ya fi ɗaga masa hankali. Ya yi toka-toka, ganyen ya ƙanƙance ya zama kamar tsinke. Kuma akwai abin da Baba bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da za a yi wa matarsa aiki a asibiti, likitoci sun ce kada a ba ta komai, ko ruwa. Yana zaune a gefen gadonta, leɓunanta sun bushe, ta dube shi ta ce, "Malam, ɗan jiƙa mini maƙoshi." Kofi na kan teburi, hannunsa na kaiwa. Ya ce ta yi haƙuri, in ta fito za ta sha har ta ƙoshi. Aka tura gadon aka shiga da ita, ba ta fito da rai ba. Kowa ya ce ya yi daidai, shi ma ya san ya yi daidai, amma mutumin da ya shayar da bishiyoyin mutane shekara da shekaru ya hana matarsa kurɓi ɗaya, kuma wannan bai taɓa barin ƙirjinsa ba.

Wata rana da tsakar rana, ma'aikata sun tafi cin abinci, ya ɗaga jarkarsa zai sha. Idonsa ya faɗa kan layin. Wallahi bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Sai ganinsa ya yi a durƙushe, ya tone gindin shukar da yatsa, ya tsiyaya ruwan a hankali yadda ba zai gudu ba, ya mayar da busasshiyar ƙasa ya rufe. Haka mai lambu na ƙwarai yake yi don kada rana ta shanye ruwan, kuma haka ne ya sa babu wanda ya ga alama. Ya bi layin gindi-gindi har jarkar ta ƙare. Ran nan da ƙishi ya koma gida, amma ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Ya ce daga yau shi ke nan. Ina! Washegari ya sake. Bayan 'yan kwanaki ya ce wa Auta jarkar ta yi masa kaɗan, zafin nan ba dama, ta sayo masa babba har tana yaba masa da ya fara kula da lafiyarsa.

Layin kuwa ya warware. Ganye ya buɗe ya yi shar, zangarniya ta fito ta yi nauyi, alhali na kusa da shi duk sun yi yaushi. Ranar da Auta ta tsaya a kansa ta ga haka, sai da ta cire hular ranarta ta rufe baki da ita. Matar da ba a cika ganin haƙoranta a wurin aiki ba, ga ta tana tsalle kamar yarinya.

"Baba, ka gani? Ka ga Inna? Na ce maka za ta yi!"

"Na gani," ya ce, yana kallon takalminsa.

Daga ranar abinci ya daina wuce masa. Da yamma tana waya tana ba abokan aikinta labari, shi yana bayan gida wurin tukwanensa yana ji. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga hasken da ke fuskarta ya haɗiye. Yakan lallashi kansa cewa ai ɗan ruwa ne, kuma wa ya sani, wataƙila ko ba shi ma da ta yi.

Ranar zaɓe ta zo. Yadda suke yi, layin da ya ci sai a ɗaura masa jan ƙyalle a fegi, a girbe shi daban. Daraktan tashar ya zo da kansa, aka kuma gayyato wasu manoma daga yankin da fari ya fi addaba don su gani da idonsu. Auta ta yi bayani a taƙaice, ta ciro ƙyallen ta ɗaura a fegin layin Inna, aka yi tafi.

Cikin manoman akwai wani dattijo siriri, sa'an Baba, duga-dugansa duk faso. Bai yi tafi ba. Ya tsuguna ya tallabi zangarniya ɗaya a tafinsa, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, kin ce wannan ba ta sha ruwa ba tun tana ƙarama?"

"Ko ɗigo," ta amsa wa dattijon.

"To, ni in ta fito, duk gonata zan zuba ta. Bara abin da na girbe bai ciyar da gidana wata biyu ba, har babban ɗana ya tattara ya tafi birni. In na nuna masa wannan zai dawo."

Baba na tsaye a bayan mutane da sandar korar tsuntsaye. Ya dubi ƙafafun mutumin, ya dubi hannunsa, hannu irin nasa. Ya hango gonar da bai taɓa gani ba, babu rumfa babu jarka, babu wani tsoho mai taushin zuciya da zai bi ta gindi-gindi da rana tsaka. Sai ya ɗaga murya.

"Auta."

"Ina zuwa, Baba, bari mu gama."

"Ta sha."

Auta ta juyo a hankali.

"Ta sha ruwa. Ni na ba ta. Ruwan jarkata, kullum in sun tafi cin abinci."

Auta ta durƙusa a gindin layin da fararen kayanta, ta sa hannu ta tona. Sama busasshe, amma da yatsunta suka nutsa sai ƙasar ta fito da sanyi tana dunƙulewa. Ta tumɓuke tushe ɗaya ta karkaɗe. Saiwar duk ta bazu a sama-sama, ba ta wahalar da kanta ta nutsa neman komai ba, tunda ana kawo mata har gida. Ta daɗe a durƙushe tana kallon saiwar nan.

Darakta mutumin kirki ne, kuma ya san shekarun da ta zuba. Ya matso ya rage murya, amma Baba ya ji.

"Dakta, kada mu yi gaggawa. Jarka ce fa, ba tiyo ba. Kin ga yadda layin nan ya yi a gwaje-gwajen baya, duk mun san mai kyau ne. Kwamiti sau ɗaya yake zama a shekara, in muka rasa wannan sai baɗi. A kai shi, a yi ɗan bayani a ƙasa."

"Ranka ya daɗe, zato muke yi mai kyau ne," ta ce. "Yau ce ranar da za mu sani, kuma ba mu sani ba. Bayanin da za mu rubuta a ƙasa ba zai bi mutumin nan gona ba."

Ta miƙe ta kwance jan ƙyallen da hannunta, ta ninke ta sa a aljihu. Sauran layukan babu wanda ya kai a ɗaura masa, ba ta kuma ɗaura wa kowa don a fita kunya ba. Ta je gaban dattijon nan ta rusuna ta ce ya yafe mata, don ta gaya masa abin da ba haka yake ba, bana ba ta da irin da za ta ba shi. Ya dube ta ya dubi Baba, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kai mu baɗin. Masu ilimi dai suna da yawa, amma ba a cika ganin wanda zai kwance ƙyallensa da kansa a gaban jama'a, ba tare da ya nemi wanda zai jingina wa laifi ba.

A gida, da rana ta yi sanyi, ta dafa shayi ta ajiye masa, ta zauna nesa. Baba ya gwammace ta yi ta faɗa. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Layuka sun fi goma a rumfar nan, Baba. Me ya sa ita?"

Sai ya gaya mata. Gadon asibitin, kofin da ke kan teburi, da abin da Inna ta roƙa. Lokacin Auta na wata tasha mai nisa wurin girbi, sai gawa ta tarar, kuma ba wanda ya taɓa ba ta wannan labarin. Ya faɗa a gajarce, ya ƙare da cewa, "Na hana ta sau ɗaya. Da kika ce sunanta ke nan, na kasa hana ta na biyu."

Auta ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Shi ma ya yi. Shayin ya huce a wurin ba wanda ya taɓa.

Da ta share fuska sai Daktar ta dawo. Ta ce ba a taɓa shuka iri duka, kullum akan rage rabi a ɗakin sanyi saboda irin wannan rana, don haka Inna na nan, shekara ce kawai ta tafi. "Kuma baɗi kai za ka sake zama a kujerar nan."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Kai. Duk tashar nan babu wanda ya san abin da kurɓi ɗaya ke jawowa kamarka. Amma ruwanka a kofi za a riƙa kawo maka, ka shanye a gaban mai kawowa."

"Kin mai da ni ɗan fursuna ke nan."

"Ɗan fursuna ma an fi yarda da shi da jarka," ta ce, suka yi dariya da jajayen idanu.

Shekara ta zagayo, aka sake shukawa, aka sake kwance kan famfo. Zafin bana har ya fi na bara. Layin Inna ya sake yin toka-toka, ya nannaɗe, ya tsaya cak ba ya gaba ba ya baya. Baba na kujerarsa, wani lokaci har zama yake a kan hannuwansa. Ma'aikata sukan ji shi yana magana ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Yi haƙuri, daure, saura kaɗan," su yi kamar ba su ji ba. Akwai ranar da ya tashi ya bar wurin ya tafi bakin waya ya tsaya har la'asar, don ya san in ya ƙara kallo ɗaya ba zai iya ba. Amma ko yawu bai tofa a rumfar nan ba.

Layin bai yi kyan gani irin na bara ba, ko kusa. Gajere, ƙura-ƙura, zangarniyar ma ba ta da wani tsawo. Ranar girbi Auta ta tsinko ɗaya ta miƙa wa Baba. Ya murza a tafinsa yadda ya saba, ya hure ƙaiƙayin. Ƙwayoyi suka rage a hannunsa, cikakku, masu nauyi, ba ko ɗaya da ta shanye. Ta tumɓuke tushe, sai da ta sa ƙarfi, saiwar ta nutsa ƙasa fiye da tsawon shukar kanta. Dattijon bara yana wurin, ya karɓi ƙwaya ɗaya ya ciza, ya yi murmushi. Auta ta ciro jan ƙyallen nan, shi dai na bara, ta ba Baba ta ce shi zai ɗaura. Ya durƙusa ya ƙulla shi a fegin layin Inna.

Da yamma yana bayan gida wurin fulawoyinsa sai ga ta da sabuwar tukunya cike da ƙasa, da 'yan ƙwayoyi a tafin hannu.

"Waɗannan ba na gwaji ba ne, ba na kwamiti ba ne. Naka ne." Ta zuba masa a hannu, ta jawo bokiti ta ajiye a gabansa. "Ta fito, Baba. Ba ta ruwa ta sha har ta ƙoshi."

Ya tona ƙasar da yatsa ya binne su, ya ɗebo ruwa da kofi ya tsiyaya a hankali. Ya ƙara wani. Ruwan ya cika tukunyar ya fara malala ta ƙasa yana bin siminti har ƙafafunta, bai daina ba, ita kuma ba ta ce ya isa ba.